Kurakuran da ke kayar da binciken ƙwaƙwaf a gasannin 'yan jaridar Larabawa, da yadda ake gyara su

Wani abokin aikina da ke rubutu da Larabci ya taɓa turo mini aikin da yake shirin shigarwa gasa, ya ce in duba masa kafin wa'adi ya cika. Kan magungunan jabu ne, a wani gari da ba sai na ambata ba. Ya yi hira da mai shagon magani, ya yi da likita, ya yi da wata uwa da ɗanta ya kwana biyar yana shan maganin zazzaɓi jiki bai sauka ba. Rubutun ya tsaru, Larabcin kuwa ba a magana. Na yi ta karantawa ina jiran inda zai ce ga kwalin maganin, ga sakamakon ɗakin gwaji, ga kamfanin da ya shigo da shi, ga jami'in da ya sa hannu aka wuce da shi. Shiru kake ji. Da na tambaye shi sai ya ce, "Ai kowa a garin ya san jabu ne."

Wannan ne babban kuskure, kuma shi ya fi yawa: a rubuta rahoto mai kyau a sa masa suna bincike. Rahoto yana faɗin abin da mutane suka ce. Binciken ƙwaƙwaf yana tono abin da wani ke ɓoyewa, ya tabbatar da shi da hujjar da ɗan jaridar ya nemo da kansa. Alƙalan gasa suna gane bambancin tun a shafin farko.

Ƙungiyar ARIJ, wadda aka kafa a Amman ta ƙasar Jodan a 2005 don horar da 'yan jaridar Larabawa masu bincike, kuma take ba da lambobin yabo a taronta na shekara-shekara, ta daɗe tana koyar da maganin wannan cuta. Littafin jagora da Mark Lee Hunter ya jagoranci rubutawa, wanda UNESCO ta buga a 2009 kuma ARIJ ke da hannu a cikinsa, an gina shi ne a kan abin da Larabawa ke kira faradiyya, wato zaton da za ka gwada ko gaskiya ne. Kafin ka fita daga gida, ka rubuta labarinka a jimla ɗaya ko biyu: wane ne ya aikata, me ya aikata, wa ya cutu, wa ke da alhakin hanawa bai hana ba. "Matsalar magungunan jabu" take ne kawai. "Wani kamfani yana shigo da maganin zazzaɓi marar sinadari, hukumar da ke sa ido ta samu ƙorafi ba ta ɗauki mataki ba" shi ne zato. Sai ka yayyanka jimlar, kowane yanki ka tambayi kanka me zai tabbatar da shi. Kamfani: takardar rajista da ta kwastam. Marar sinadari: ka sayi maganin a shaguna daban-daban, ka ajiye rasit, ka kai ɗakin gwajin da aka amince da shi. Ƙorafi: kwafin wasiƙar da kwanan wata. In hujja ta ƙaryata zatonka, zaton za ka canza. Da yawa a nan suke faɗuwa, domin sun riga sun ƙaunaci labarinsu.

Akwai kuma masu ƙwanƙwasa ƙofar da ba tasu ba. Kyautar Samir Kassir, da Tarayyar Turai ta kafa don tunawa da ɗan jaridar Labanan da aka kashe da bam a motarsa a Bairut ranar 2 ga Yuni 2005, tana da rukuni uku: sharhi, rubutaccen bincike, da rahoton bidiyo, kowanne da Yuro 10,000. Batutuwanta su ne haƙƙin ɗan Adam, bin doka, yaƙi da cin hanci da makamantansu. Wanda ya cusa sharhi a rukunin bincike ya kayar da kansa. Kyautar Pulitzer ta kafafen yaɗa labaran Amurka ce, shi ya sa Larabawan da suka ci ta, irin su Muhammed Muheisen da Khalil Hamra da ke cikin masu ɗaukar hoton kamfanin dillancin labarai na AP da aka karrama a 2013 kan yaƙin Siriya, ta hanyar kamfanin da suke wa aiki suka samu. Kyautar Guillermo Cano ta UNESCO kuwa ba a shigar da aiki a nema, gabatar da mutum ake yi saboda tsayuwarsa kan 'yancin jarida. Mai ɗaukar hoton Masar Mahmoud Abu Zeid, da aka fi sani da Shawkan, yana kurkuku aka ba shi ita a 2018. Ka karanta sharuɗɗa, ka duba ko ranar da aka buga aikinka ta faɗa cikin lokacin da aka ƙayyade, shi ke nan.

Kuskuren da ya fi ba ni tsoro shi ne a ɗauki takardar da aka tsegunta kamar wahayi. Wani ya turo maka hoton wasiƙa mai hatimi ta WhatsApp, zuciya ta buga, ka ce labari ya samu. Ba ka tambayi wa ya turo ba, me yake so, me ya sa yanzu. A ƙasashen da hukumomin leƙen asiri ke faɗa da juna ta hanyar jaridu, tsegumi makami ne, kuma ruwa ba ya tsami banza.

Dubi yadda aka yi da hotunan Siriya. A 2013 wani mai ɗaukar hoto na 'yan sandan soja, da aka laƙaba wa suna Caesar, ya tsere daga ƙasar da hotuna sama da 50,000, da yawansu na gawarwakin fursunoni. Gwamnati ta ce ƙirƙira ce. Da a ce masu bincike sun tsaya a kan "hotunan suna da ban tsoro", da musun ya yi tasiri. Ƙungiyar Human Rights Watch ta zauna ta tantance su, ta ƙirga mutum aƙalla 6,786 da suka mutu a tsare, sannan ta bi diddigin 27 daga cikinsu ɗaya bayan ɗaya: ta nemo danginsu, ta kwatanta alamomin jiki, ta ji daga waɗanda suka zauna ɗaki ɗaya da su a kurkuku, ta sa likitoci masu binciken gawa suka duba. Ta fitar da rahoton a Disamba 2015. Mutum 27 cikin dubbai kamar kaɗan ne, amma su ne suka riƙe sauran. Haka za ka yi da taka takardar. Ka nemi wani da ya san irin wasiƙun ofishin ya duba lambar fayil da salon hatimi. Ka nemi majiya ta biyu wadda ba ta san ta farko ba. Majiyoyi uku da duk daga bakin mutum ɗaya suka ji, majiya ɗaya ce.

Daga nan sai zancen ɓangaranci. A yankin da kusan kowace babbar kafa ke da uban gida, abu ne mai sauƙi ka binciki maƙiyin wanda ke biyan ka albashi ka kira shi jarunta. Alƙalai ma 'yan yankin ne ko masu bibiyar sa, kifi na ganin ka mai jar koma. Aikin da ya ba Maggie Michael, da Maad al-Zikry, da Nariman El-Mofty na AP kyautar Pulitzer a 2019 kan yaƙin Yaman ya nuna satar abincin agaji, da sa yara aikin soja, da azabtar da fursunoni. Abin da ya ba shi nauyi shi ne bai bar kowa ba. Sun nuna cewa ƙungiyoyi masu makamai na kowane ɓangare suna karkatar da abincin agaji ko su sayar a kasuwa. Michael ta rubuta kan azabtarwa a kurkukun 'yan Huthi, ita ce kuma tun a 2017 ta tona gidajen yarin ɓoye a kudancin ƙasar da ke da alaƙa da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Ba dole ne kowane bincike ya taɓa kowa ba, amma in hujjar da ke hannunka ta nuna ɗan gidanku ma yana ciki ka tsallake shi, za a gani.

Ɗan'uwan wannan kuskure shi ne ƙin tunkarar wanda ake zargi. Sai ka ga an rubuta "mun yi ƙoƙarin jin ta bakinsa amma abin ya ci tura", alhali kira ɗaya aka yi ana gobe za a buga. Ka rubuta masa tambayoyin filla-filla, kowane zargi da lambarsa, ka ba shi lokacin da hankali zai ɗauka, ka ajiye shaidar cewa saƙon ya isa. Wani lokaci amsarsa ce za ta cece ka daga kotu, domin za ta nuna maka inda ka yi kuskuren suna ko shekara. Kafin bugawa kuma a bi rubutun layi-layi, kowace magana a ɗora yatsa a kan takardar da ta fito, sannan lauya ya karanta. A ƙasashen da ɓata suna ke kai mutum gidan yari wannan ba ƙawa ba ce.

Wasu kuma tun farko sukan ce ai ba a ba da takardu a ƙasarsu, sai su dogara da hira kawai. Jodan ta yi dokar samun bayanai tun 2007, ita ce ta farko a ƙasashen Larabawa, Yaman ta bi a 2012, Tunusiya a 2016, Labanan a 2017. Dokokin ba su cika aiki yadda aka rubuta su ba, amma ka rubuta buƙatar. In an hana ka, hanin ma labari ne, kuma shaida ce mai kwanan wata. Haka nan ɓoyayyiyar kyamara: sai an rasa kowace hanya ake ɗauko ta, kuma sai in abin da za a tona ya kai girman yaudarar da za ka yi.

Masu ɗaukar hoto nasu kurakuran daban ne, kuma hukuncinsu ya fi sauri. A Agusta 2006, lokacin yaƙin Isra'ila da Hizbullah, kamfanin Reuters ya gano cewa wani mai yi masa aiki, Adnan Hajj, ya ƙara hayaƙi da kwamfuta a hoton Bairut bayan an kai hari. Harin gaskiya ne, hayaƙin ma akwai shi a asalin hoton. Garin neman gira aka rasa ido: Reuters ya raba gari da shi, ya janye hotunansa 920 gaba ɗaya, masu musun ɓarnar yaƙin kuma suka samu abin kafa hujja. A gasar World Press Photo ta 2015, kashi 20 cikin 100 na ayyukan da suka kai zagayen kusa da na ƙarshe an fitar da su saboda taɓa hoto fiye da kima. Gasar tana neman ɗanyen fayil ɗin da kyamara ta ajiye ta kwatanta da abin da ka turo. Don haka kar ka goge igiyar lantarki da ta ɓata maka sararin sama, kar ka share gwiwar hannun wani a gefe, kar ka baƙanta kusurwa har wani abu ya ɓace. Kar ka ce wa yaro ya koma ya sake ɗaukar tulun don hasken bai yi maka ba. Ka adana ɗanyen fayil da hotunan da ka ɗauka kafin wannan da bayansa. Bayanin da ke ƙasan hoto ma ana bincikarsa: wuri, rana, da abin da ido ya gani, ba abin da aka gaya maka ba.

Akwai zaton cewa hoton da ya fi jini shi ke ci. Hoton Mohammed Salem na Reuters da ya zama gwarzon shekara a gasar World Press Photo ta 2024, wanda ya ɗauka a asibitin Nasser da ke Khan Yunis ranar 17 ga Oktoba 2023, babu jini a cikinsa, babu ma fuska. Mace ce durƙushe, ta sunkuyar da kai, ta rungume gawar yarinya 'yar shekara 5 a cikin farin likkafani. Na shekarar da ta biyo baya, na Samar Abu Elouf, yaro ne ɗan shekara 9 da ya rasa hannayensa biyu a Gaza, hasken taga a fuskarsa. A Doha ta ɗauka, inda aka kai yaron jinya, ita ma can aka kai ta daga Gaza, kuma ta san iyalan da ke jinya a can kafin ta ɗaga kyamara. In mutum yana raye kuma yana cikin hayyacinsa, ka gaya masa ina hoton zai je.

Na bar wa ƙarshe abin da ya fi lambar yabo muhimmanci, wato majiyarka. Takardar shiga gasa takan tambayi yadda ka yi aikin, kuma ɗokin burge alƙalai yakan sa mutum ya yi ta zuba: ma'aikaci ne a sashe kaza, mun haɗu a wuri kaza. In mutum uku ne kawai ke da mabuɗin wannan ɗakin ajiya, ka riga ka faɗi sunansa. Caesar bai bayyana fuskarsa ba sai a Fabrairu 2025, bayan faɗuwar gwamnatin Assad, fiye da shekara 11 da tserewarsa. Wayarka ma tana iya tona asiri: a 2020 Amnesty International ta ce an yi wa wayar ɗan jaridar Maroko Omar Radi kutse da manhajar leƙen asiri ta Pegasus. Kafin ka tura kowace takarda ga gasa, ka rufe sunaye da lambobin da za su nuna daga teburin wa ta fito, ka cire bayanan da ke maƙale a cikin fayil, na wuri da na irin waya. In majiyar ta yarda a buga labari a jaridar gida, ka koma ka tambaye ta ko ta yarda a haska shi a dandalin da jakadu da ministoci ke zaune. Sunayen abokan aiki kuwa, mai kyamara da wanda ya shigar da kai gari, ka tambayi kowannensu: wanda yake so a ambace shi ka rubuta shi a takardar tun farko, wanda har yanzu yake zaune a garin da aka yi binciken kuma yake tsoro, ka bar sunansa, rabonsa na kuɗin ka kai masa a hannu.