Kurakuran da ake tafkawa wajen cire shaf ɗin gaba na tsohuwar J5

Duk wanda ya san hanyar Katsina zuwa Daura da Mai'aduwa ya san J5, motar Peugeot da aka fara ƙerawa a 1981, wadda har yau take ɗaukar buhunan gero da awaki. Da tayoyin gaba take ja, ba kamar yawancin Hiace ba da ke turawa da na baya. Shi ya sa in ta fara ƙas-ƙas a kwana, shaf ake tuhuma, wato sandar da ke kai juyi daga giyabos zuwa taya. Cire shi ba wuya, amma ɓarnar da ake yi a wurin ta fi ƙarfin ciwon da ya kawo motar gareji.

Kuskuren farko tun motar tana ƙasa ake yin sa: gaggawar ɗaga ta. Babban notin da ke tsakiyar taya a ɗaure yake tamau, ga tsatsar shekaru. In ka ɗaga mota, taya sai ya riƙa juyawa da kai. Ka sassauta shi tana ƙasa, wani ya taka birki, bayan ka buɗe makullin da aka yi wa notin. Sannan ka ɗaga. Kuma ƙasarmu rairayi ce, jak yana nutsewa a hankali ba ka sani ba. Sa katako mai faɗi a ƙarƙashinsa, ka tokare motar da abin da ba zai goce ba, ka danne tayoyin baya da dutse. Bulon siminti ba abin dogaro ba ne, farfashewa yake yi.

Sai guduma, wadda ita ce babbar matsalar. Wani yarona ya taɓa samun shaf ya ƙi fita daga hob, wato ƙarfen tsakiya da ake ɗaura taya a kai, ya kama dukan bakinsa kai tsaye. Kafin in dawo daga sallar la'asar, bakin ya baje kamar naman kaza, noti ya ƙi hawa. Na ce, "Kai, mi ka yi haka?" Ya ce, "Oga, ƙi ya yi." Shaf ɗin da roba kawai za a canza wa, sai da mai mota ya sayi wani. Hanyar fitar da shi mai sauƙi ce: fesa man sassauta tsatsa, ka ba shi lokaci, ka mayar da notin ya yi daidai da bakin shaf, ka ɗora katako, sannan ka buga a hankali.

Ta ɓangaren giyabos kuma, kada ka kama sandar ka fizgo. Joyin ɗin ciki zai rabu, ƙananan ƙarafansa su zube cikin ƙasa, ka wuni kana tsince. Daga gindinsa ake ɓamɓaro shi, kana kula da oyil sil, wato robar da ke hana man giya zuba, don ƙwarzane kaɗan ya isa ya sa yoyo. Ka tsiyaye man giya tukuna, ko aƙalla ka tara roba. Da yawa sukan manta su cika man bayan sun haɗa, sai giya ta fara kuka kafin a kai Mashi.

In ka kwance kalifa, wato ƙarfen da ke matse birki a taya, ɗaure ta da waya, kar ka bar ta tana reto da tiyon birki. Shaf ɗin hagu da na dama ba tsawonsu ɗaya ba, ka yi musu alama.

Akwai kuskuren da ba a cika lura da shi ba: a sauke mota a tura ta gefe babu shaf a ciki, wai don a ba wata wuri. Shaf da notinsa su ne suke matse boris ɗin taya. In nauyin mota ya hau shi babu su, ya lalace ke nan, ko da taku goma aka tura ta. In dole ne a matsar da ita, a zura kan tsohon shaf a hob a ɗaure notin tukuna.