Doguwar wayar HDMI tana ɓata hoton monita? Ga yadda za ka gane kafin ka kashe kuɗinka

Wannan tambayar masu gidan kallon ƙwallo suna yinta, masu shagon taifin da firintin a Samaru da Kongo suna yinta, haka ma ɗaliban ABU Zariya da za su haɗa laftof da majigi ranar difens, wai in waya ta yi tsawo hoton zai dushe? Toh amsar ta danganta da wace irin waya ce a hannunka. In VGA ce, wato mai shuɗin kan nan mai ƙusoshi 15 da sukurori biyu a gefe, eh yana dushewa. In kuwa HDMI ce ko DisplayPort ko DVI ta dijital, wato wayoyin haɗa hoto na zamani, ba ya dushewa, sai dai ko ya zo garau ko ya riƙa ƙyafƙyaftawa ko ya ƙi zuwa gaba ɗaya.

VGA tsohuwar aba ce, tun 1987 kamfanin IBM ya fito da ita, kuma ƙarfin lantarkin da ke bin wayar shi ne kalar kanta, saboda haka duk abin da ya rage ƙarfin nan a hanya ya rage hoton kenan. Shi ya sa za ka ga rubutu yana da inuwa a gefen dama kamar an buga shi sau biyu, ko fari ya koma ruwan toka, ko wasu layuka suna ta yawo a fuskar monita in an tada janareta. HDMI kuwa lambobi take aikawa, sifili da ɗaya. Kamar katin waya ne, ko da biro mai tsada aka rubuta maka lambar ko da guntun fensir, in dai ta karantu kuɗin da zai shiga ɗaya ne, in kuma lamba ɗaya ta goge ba wai rabin kuɗin zai shiga ba. Saboda haka in mai shago ya ce maka wannan mai bakin gwal ɗin ta fi fitar da kala, yallaɓai ka yi masa murmushi kawai, ruwan gwal ɗin tsatsa yake hanawa, ba ya ƙara ja ba ya ƙara kore.

Amma fa kar ka ɗauka tsawo ba ruwansa, da ruwansa sosai. In waya ta wuce ƙarfinta abin da za ka fara gani shi ne ƴan ɗigo-ɗigo farare ko jajaye suna walƙiya a wurin da hoton ya yi baƙi, daga nan sai sikirin ya ɗauke na sakan biyu ya dawo, sauti ya riƙa yankewa, ƙarshe monita ta rubuta maka babu sigina. Kuma yawanci sai lokacin da ake tsananin buƙata abin yake yi, ana tsakiyar fanareti gida ya cika maƙil.

Mita nawa ne iyakar? Ba wata lamba ɗaya da za a yanke maka, don ya danganta da nauyin hoton da kake turawa. Hoton 1080p, wato mai ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, mai sabuntawa sau 60 a sakan yana cin kusan gigabit 4.5 a sakan (gigabit ma'aunin yawan bayanin da ke bin wayar ne), shi kuwa 4K, wanda ya ninka shi huɗu a yawan ɗigo, a sau 60 ɗin kusan 18 yake ci, ninki huɗu kenan a cikin wannan siririyar wayar. Shi ya sa HDMI ɗin ma hawa-hawa ce, 1.4 tana ɗaukar gigabit 10.2 a sakan, 2.0 da ta fito a 2013 tana ɗaukar 18, 2.1 ta 2017 kuma 48. Wayar jan ƙarfe zalla mai kyau tana kai 1080p mita 10, wani lokacin har 15, amma 4K a sau 60 da ka wuce mita 5 sai addu'a, masu wasan gem da ke son gudu sosai kuwa su tsaya a mita 2 zuwa 3 kawai su huta. DisplayPort ma haka take, cikakken ƙarfinta a wajen mita 2 ne, ana iya janta zuwa 15 amma a hoton da bai wuce 1080p ba. Wannan ne dalilin da wayar da ta yi shekara tana aiki lafiya lau da tsohuwar talabijin sai ka sayo sabuwa ta fara iskanci, ba lalacewa ta yi ba, kayan ne suka fi ƙarfinta.

Akwai wani wuri da mutane ke rantsewa cewa hoto ya dushe musu da HDMI, kuma ba ƙarya suke ba, sai dai ba wayar ce ta dusashe shi kai tsaye ba. Kwamfuta da monita suna ɗan gaisawa da zarar an haɗa su, monita ta faɗi girman hoton da take iya ɗauka. In wannan gaisuwar ba ta isa da kyau ba sai kwamfuta ta zaɓi ƙaramin hoto ta baza shi a babban sikirin, rubutu ya yi kauri ya yi hazo. DisplayPort kuma in ta ga hanya ba kyau da kanta take rage gudu, sai ka tarar kana kan sau 30 maimakon 60, mawus yana tafiya kamar mai jin barci. Wani lokacin kuma rage bayanin kala ake yi don hoton ya samu ya wuce, a fim ba za ka lura ba amma jan rubutu a kan baƙi zai yi dishi-dishi. Don haka kafin ka zagi kowa shiga saitin sikirin a Windows ka duba lambar da ke wurin, in monitarka 1920 da 1080 ce toh haka ya kamata ka gani, sannan ka leƙa wurin Hz ɗin, wato sau nawa hoton ke sabuntawa a sakan, ka tabbatar 60 ne ko abin da monitar ke iyawa.

Yanzu wajen saye. Da farko auna nisan da igiya ko tef, ka bi ta inda wayar za ta bi da gaske, ta jikin bango ta saman ƙofa, ba wai ka tsaya ka ƙiyasta da ido ba, sai ka ƙara mita ɗaya. Kar ka ce bari in sayi mita 20 saboda gaba alhali 7 kake buƙata, ragowar da za ka naɗe a bayan tebur matsala ce kawai ka siyo da kuɗinka. Kar kuma ka jojjona gajeru uku da ɗan mahaɗin nan, kowace mahaɗa tana cin nata rabon. Duba jikin wayar, in an rubuta AWG, wato ma'aunin kaurin jan ƙarfen da ke cikinta, toh ƙaramar lamba ita ce mai kauri, 24 ta fi 28 ko 30 jure nisa, kodayake kaurin roba ba shi ne kaurin jan ƙarfe ba, akwai waɗanda in ka yanka za ka tarar alminiyam ne aka yi wa fenti da jan ƙarfe. A kwali kuma High Speed ta ishi 1080p, Premium High Speed ta 4K ce a sau 60, amma rubutu a kwali kowa zai iya bugawa.

Abin da ya fi duk wannan shi ne gwaji. In za ka shiga Sabon Gari ko PZ ɗauki laftof ɗinka ka tafi da ita, ka ce wa mai shagon, Alhaji don Allah a jona min ita a wannan talabijin ɗin in gani. Buɗe hoto baƙi ƙirin ya cika sikirin, ka matso kusa ka zuba ido ko za ka ga ɗigon nan masu walƙiya, sai ka sa bidiyo ya yi kamar minti goma, ka ɗan motsa kan wayar a hankali ka ga ko zai ɗauke. Ka yi gwajin da girman hoton da za ka yi aiki da shi a gida fa, ba ƙarami ba. In ba halin gwaji toh ku yi magana a fili cewa in ba ta yi ba za ka dawo da ita. Kuma don Allah kar ka bari a saka ta cikin fayif ko a rufe silin a kanta sai ka shimfiɗa ta a ƙasa ka gwada tukuna, fasa silin saboda waya ɗaya ba daɗi.

In nisan ya wuce mita 15, kamar zauren taro ko masallaci ko ajin da majigi ke can sama, daina wahalar da kanka da waya zalla. Akwai mai ɗan injin ƙara ƙarfi a cikin kanta, akwai ta faiba wadda haske ke bi ta cikinta tana kai mita 50 har 100, duka biyun suna da gaba da baya, kai ɗaya an rubuta Source shi ke shiga kwamfuta ɗayan Display shi ke shiga monita, in ka juya su ba abin da zai fito kuma da yawa a nan suke cewa an sayar musu da matacciya. Ta faiba ba ta son a lanƙwasa ta sosai. Sai kuma ƴan akwatuna biyu da ake haɗawa da wayar netwok Cat6, masu tsarin HDBaseT wasunsu suna kai mita 100, masu arha kuma wasu matse hoton suke yi kafin su tura, toh a nan kam hoto na iya raguwa da gaske. Haka in ka sa ɗan abin da ke juya HDMI zuwa VGA, daga wurin nan ka koma dokar VGA, ka bar ɓangaren VGA ɗin ya zama gajere ka danna maɓallin Auto na jikin monitar.

Sauran ƙananan abubuwa ne. Kar ka ɗaure ta tare da wayar wuta a fayif ɗaya, ka yi ƙoƙari kwamfuta da monita su sha wuta daga layi ɗaya ba wannan a janareta wancan a inbata ba, kuma ka kashe su kafin ka cire ko ka jona in doguwa ce. Da hunturu ƙura tana cika ramin HDMI, a share shi da busasshen buroshi kafin a yanke wa waya hukunci. In duk ka yi wannan abin bai daina ba, kawo kwamfutar kusa da monitar ka jona da ƴar gajeriya mai mita ɗaya da rabi, in hoton ya zauna toh doguwar ce, in bai zauna ba ka koma kan ramin kwamfutar ko diraban hoto, wato manhajar da ke tafiyar da hoto a kwamfutar.