Da wane ruwa kika wanke jarjir ɗin? Kurakuran da muka fi yi wajen wanke kayan lambu da na marmari

Ranar sunan ɗiyar ƙanwata a Gadarif ta ƙasar Sudan ni aka bar wa aikin salata. Manyan tire uku na haɗa: tumatir, albasa, ajjur (wani irin kokwamba), jarjir (ganyen da ake ci ɗanye), aka kwaɓa dakwa (niƙaƙƙiyar gyaɗa) da lemun tsami da shatta (barkono) aka zuba a kai, yadda mutanen gidanmu suke so. Na wanke komai sau biyu a baho, ban yi ha'inci ba. Ba a cika kwana biyu da watsewa ba mutum biyar suka kwanta da gudawa da amai, har sai da aka kai ɗan yayata mai shekara huɗu asibiti aka ƙara masa ruwa. Duk waɗanda suka kwanta sun ci salatar, waɗanda suka tsaya kan shinkafa da nama kuwa ko ciwon kai. Da Gwaggo ta zo dubiya na ce mata, "Wallahi Gwaggo na wanke." Ta ce, "Na sani, 'yar nan. Da wane ruwa?"

Ruwan duro ne da mai karo, wato amalanke, ya kawo da jakinsa da safe. Babu wanda ya tambaye shi inda ya ɗebo, kuma mu kanmu ba shi muke sha ba, na shanmu yana cikin randa daban da murfinsa. Ruwan da ban yarda in ba yaro a kofi ba, shi na ba shi a jikin ganye.

Amsar masu tambaya ko dole ne a wanke kayan lambu da 'ya'yan itatuwa kafin a ci ita ce e, a wanke, ko daga gonar ubanka aka tsinko. Amma a gidajenmu ba ƙin wankewa ne ya fi kwantar da mutane ba, kusan kowa yana wankewa. Babban kuskuren shi ne raba ruwa gida biyu, a ce wannan na sha ne, wancan na wanke-wanke, sannan a saka abin da za a ci ɗanye a layin wanke-wanke. Tukunya za ta hau wuta, kwano zai bushe a rana, amma jarjir daga baho sai baki. Duk abin da ba zai ga wuta ba, ruwan da za a wanke shi da shi ya zama wanda za ki iya ɗaga kofi ki sha.

Mu da muke zaune a wannan yanki ba sai an ba mu labari ba. A watan Satumba na 2019 kwalara ta ɓulla a jihohin Shuɗin Nilu da Sinnar. A watan Agusta na 2024 ma'aikatar lafiya ta sake sanar da ɓarkewarta, Kasala da Gadarif suna cikin wuraren da ta fara kamawa, ga yaƙin da ya tashi tun Afrilun 2023 ya lalata tashoshin ruwa da wutar lantarki, mutane suka koma ga hafir, wato tafkin da ake haƙawa don tara ruwan sama, da kogi da duk abin da mai karo ya kawo. Kwalara, taifot, amiba, tsutsar ciki, shawara irin ta ciwon hanta nau'in A da E, duk hanyarsu ɗaya ce: daga bayan gida zuwa ruwa ko hannu ko ƙafar ƙuda, daga nan zuwa baki.

Akwai maganar da nake yawan ji daga bakin dattawa, cewa ai ruwan nan mai tsarki ne, launinsa bai sauya ba, ba ya wari, ɗanɗanonsa lafiya. Gaskiya ne, a fiƙihun da muka karanta a makarantar allo da zaure irin wannan ruwa ya halatta a yi alwala da shi. Sai dai hukuncin tsarki daban, lafiyar ciki daban. Ƙwayar kwalara ba ta da launi, ba ta da wari, ruwa yana iya zama garai-garai kamar idon zakara alhali yana ɗauke da ita. Gyaran ba shi da wuya. A tafasa ruwan har ya yi ta ɓararraka na minti ɗaya cur, a rufe ya huce. Ko a jefa ƙwayar kulorin irin wadda ma'aikatan lafiya suke rabawa, a bi adadin litar da aka rubuta a jikin takardarta domin girmansu ba ɗaya ba ne, a jira minti 30 kafin a taɓa. In ruwan ya yi jirwaye da laka kamar yadda yake yi da damina, a bar shi ya kwanta a tace da tsumma mai tsabta tukuna, domin laka tana cinye ƙarfin kulorin. Na san ruwa kuɗi ne a Gadarif, gawayi ma kuɗi ne. Abin da nake yi shi ne in ware jarka ɗaya ta kicin, in karkaɗe ƙasar ganye in cire na waje da ruɓaɓɓu tun yana busasshe don kar in ɓarnatar da ruwa, wanda na ɗauraye da shi kuma in yi yayyafin tsakar gida ko in ba shuka.

Kuskure na biye da wannan shi ne baho ɗaya. A zuba karas da ƙasarsa, a bi da tumatir, a bi da ganye, duk a ruwa guda, ana cewa an wanke. Dattin na farko ne ya zama wankan na ƙarshe. Tumatir, ajjur, gwaiba, mangwaro, a riƙe su ɗaya-ɗaya ana murzawa da yatsu, wani yana zuba ruwa da buta ko moɗa, ruwan yana wucewa ƙasa. Murzawar ce aikin, ba jiƙawar ba, musamman ga ƙwan tsutsar ciki da yake da danƙo yana manne wa ganye, kulorin ma ba ya kashe shi. Ganye kuwa a kwance ɗaurin, a yanke saiwar a yar, a ware shi ɗai-ɗai. In an tsoma shi a kwano aka kaɗa, a tsamo ganyen da hannu zuwa wani mazubi, kar a tsiyaye ruwan ta kansa, domin yashi ya riga ya kwanta a ƙasa, tsiyayewa mayar da shi take yi. A sake da sabon ruwa har sai an ga gindin kwano fes, sannan a ɗauraye. Kuma tumatirin da ya sha rana a kasuwa ya ɗau zafi, kar a bar shi jiƙe cikin ruwan randa mai sanyi: yana hucewa yana zuƙar ruwan ta gurbin hancinsa, abin da ke waje ya koma ciki inda hannu ba ya kaiwa.

Na tashi a Maiwurno, Baba yana da ɗan fili a bakin kogi inda ruwa yake janyewa bayan damina. Da idona na ga yadda ake shirya ganye kafin a kai kasuwa. Ana tuge shi, a ɗaure, a kaɗa ɗaurin a ruwa mafi kusa don laka ta fita, ko kogi ne ko tur'a, wato magudanar ban ruwa, wurin da shanu suka sha, yara suka yi wanka, wani ma ya yi bayan gida a kan gaɓa. A kasuwa kuma mai tebur yana da gwangwaninsa da bokiti, yana yayyafawa tun safe har la'asar don kar ganye ya yi yaushi, bokitin da ya wanke hannu a ciki bayan ya ƙirga kuɗi. Ba mugunta ba ce, neman abinci ne. Amma ƙyallin nan da sheƙin da ke jan ido ba shaidar tsabta ba ce, kuma mai cewa "ai wankakke na sayo" ya yaudari kansa.

Sai masu cewa abin da za a ɓare ba ya bukatar wanki. Kankana a ƙasa take kwance tun tana ƙarama, kan taki, ta hau mota, ta sauka a bakin titi. Wuƙa in ta ratsa ɓawon, duk abin da ke bayansa ta tafi da shi cikin jan da za a sha. Shammam, ɗan'uwan kankana, ya fi ta haɗari saboda kaushin bayansa mai kama da raga yana riƙe datti, sai an sa buroshi ko sabon soso an goge. A 2011 a Amurka, ƙasar da ba ta rasa ruwan famfo ba, irin wannan shammam ɗin daga gona ɗaya ya yi sanadin mutuwar mutum 33 saboda ƙwayar listeriya da ke jikin ɓawonsa. Lemu da garef (babban lemu mai ɗan ɗaci) na lambunan Kasala ma haka, hannun da ya ɓare shi ne yake kai abin da ke ciki baki. Yaranmu kuwa da haƙori suke fere mangwaro da rake, don haka a wanke musu kafin su gani, in sun riga sun ɗauka magana ta ƙare.

Wasu kuma garin gyaran gira suke rasa ido. Tun da kwalara ta tsorata mutane na ga mai wanke tumatir da omo, na ga mai ɗiga Dettol a ruwan salata, na ga mai tuttula ruwan bilicin wanki mai ƙamshi ba awo. Fatar kayan lambu tana da ƙananan ƙofofi, sabulu yana shiga ya ƙi fita, ya tayar da zuciya ya ɓata ciki. Sabulu na hannu ne da wuƙa da faranti. A ɗaya gefen akwai masu dogara da gishiri, ko khal (binega), ko matsa lemun tsami, suna cewa tsami yana kashe komai. Ruwan gishiri yana fito da ƙananan ƙwari daga cikin ganye, khal yana rage wasu ƙwayoyin, amma babu ɗayansu da zai mayar da gurɓataccen ruwa mai kyau, kuma lemun da aka matsa a kan salata minti biyar kafin ci ɗanɗano ya ƙara mata.

A nan ne ya kamata a faɗi abin da ba a son ji. Wanki ragewa yake yi, wuta ce take kashewa. A 2011 a Jamus tsiron hulba da ake ci ɗanye ya kwantar da dubban mutane, sama da 50 suka rasu, domin ƙwayar tana tare da irin tun kafin ya tsiro, babu wankin da zai cire ta. Saboda haka idan ana kwalara a unguwa, ni dai ra'ayina a haƙura da jarjir da latas gaba ɗaya har ta lafa. A ci lalo, kuɓewa, alayyafo, kabewa, a ci su da zafinsu. A ci ayaba da lemu da mutum ya wanke ya ɓare da hannunsa. Tumatir da albasa a soya su. Mai juna biyu, wadda shawara nau'in E take yi wa mugun kamu, da yaro ƙarami, da tsoho, su ne na farko da za a janye wa ɗanyen ganye ko da sauran gida sun ƙi haƙura.

Hannu da wuƙa kuwa, sau nawa aka yanka kaza, aka ɗauraye wuƙar da ruwa kawai, aka juya kan tumatir a faranti guda? A fara da salata kafin nama, ko a wanke wuƙa da katako da sabulu sosai. Hannu a cuɗa shi da sabulu kamar daƙiƙa 20, har ƙarƙashin farce, kafin a taɓa ganye. Kar a goge wankakken tumatir da gefen zane ko tsumman da ya wuni a kafaɗa, a bar shi ya tsane a kwando. A wanke kafin a yanka, ba bayan an yanka ba.

Lokaci ma ana kuskurensa. Maigida ya dawo daga kasuwa da kayan mako, a wanke duka a tura a leda, kwana biyu ganye ya narke, domin danshi abokin ruɓa ne. A wanke na yau a yau. Abin da aka riga aka yanka kuma kada ya wuce awa biyu a waje, in zafi ya haura digiri 32 awa ɗaya ce, mu kuwa a watan Afrilu muna wuce 40. Da azumi nake ganin wannan sosai: a yanka salata da kankana tun bayan azahar don a rage aiki, su zauna a tire har a fitar wa maza tabarmar buɗa-baki a ƙofar gida. A bar su su zama aikin ƙarshe, dab da kiran salla. Kankanar da aka yanka aka jera a bakin titi kuwa, a wuce ta, a sayi guda a fasa a gida.

Maganin feshi nasa daban ne. Wanki da murzawa suna cire wani kaso na wanda ya kwanta a fata, fere ɓawo yana ƙara ragewa, amma akwai irin da shuka take shanyewa ya shiga jikinta, wannan ko an kwana ana wanki yana nan. Maganinsa yana hannun manomi. Kowace kwalba an rubuta kwanakin da za a jira tsakanin feshi da tsinka. Kawunaina da 'yan'uwana masu noman tumatir, don Allah ku sa a karanta muku, kar a yi feshi da yamma a tsinka da asuba saboda kasuwa ta yi kyau. Mai saye kuma in ya ga farin gari-gari ya bushe a kewayen hancin tumatir, ko ya ji warin magani, ya matsa tebur na gaba.

Busassun kaya su ne aka fi mantawa. Dabino, karkade (zoɓo), kuka, tsamiya, aduwa, a buɗe suke a buhu suna shan ƙurar kasuwa da hannun duk mai tayawa. Dabino a ɗauraye shi daidai wanda za a ci. Karkade da tsamiya da kuka da ake jiƙawa a ruwan sanyi ba tare da sun ga wuta ba, a ɗauraye su tukuna, a jiƙa da ruwan sha, ƙanƙarar da za a jefa ciki ma a san da wane ruwa aka yi ta.

In duk da haka gudawa ta shigo gida, kar a jira gari ya waye. A kaɗa fakitin gishiri da sukari na asibiti a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa. In babu fakiti, a sa ƙaramin cokalin shayi shida na sukari da rabin wannan cokalin na gishiri, a shafe kansu kar a yi tozo, a riƙa ba mara lafiya kurɓi-kurɓi ko yana amai, mai shayarwa ta ci gaba da ba da nono. Idan bayan gidan ya koma fari tsululu kamar ruwan wankin shinkafa, ko ido ya faɗa, ko fitsari ya ɗauke, a ɗauke shi zuwa cibiyar lafiya mafi kusa a wannan sa'ar, ana tafe ana ba shi ruwan a hanya.