Yadda za a taimaka wa jariri ya sha nono ya ƙoshi

Da yawan iyaye mata da ke cewa "nonona ba ya isarsa" suna da nono isasshe. Abin da ke faruwa shi ne yaron ba ya iya zuƙo shi yadda ya kamata. Nono kuwa gwargwadon abin da aka fitar ake samun sabo. Idan jariri ya bar shi a cike, jiki zai rage samarwa, sai ƙarancin da ake tsoro ya tabbata. Saboda haka kafin a nemi maganin ƙarin nono ko madarar gwangwani, a fara duba yadda yake kamu.

Ki zauna ki jingina bayanki. Ki juyo da yaron gaba ɗaya, cikinsa a kan cikinki, kunnensa da kafaɗarsa da ƙugunsa a layi ɗaya. Ki tallafe wuyansa da kafaɗunsa, kada ki danna ƙeyarsa, domin yana buƙatar ɗan ɗaga kai. Ki sa kan nono daidai hancinsa, ki jira ya wangale baki kamar mai hamma, sannan ki jawo shi gare ki da sauri. Ke ba za ki sunkuya ki kai masa ba.

Idan kamun ya yi kyau, haɓarsa tana taɓa nono, leɓensa na ƙasa ya juyo waje, kumatunsa a cike, kuma baƙin da ke kewaye da kan nono ya fi fitowa ta saman bakinsa fiye da ta ƙasa. Idan kumatu suna lotsawa, ko kina jin ƙarar tsotsa, ko kan nono ya fito a matse bayan ya saki, to bakin kan nono kawai ya kama. Wannan ne ke kawo tsagewa da zafi, yaron kuma ya daɗe yana wahala bai samu komai ba. Ki sa ƙaramin yatsanki mai tsabta ta gefen bakinsa ki cire shi, ki sake.

Tsotsa daban, sha daban. Yaron da ke sha da gaske yana buɗe baki, haɓarsa ta sauka ta ɗan tsaya, sannan ya rufe. Wannan ɗan tsayawar ita ce lokacin da baki ke cika, kuma sau da yawa za ki ji haɗiya. Wanda leɓensa kawai ke motsi da sauri-sauri zai iya yin rabin awa a ƙirji ya sauka da yunwa.

A nan ne matsa nono ke amfani, kuma a ganinmu ita ce dabarar da ta fi saurin nuna sakamako. Da zarar haɗiya ta ragu, ki riƙe nonon da hannu ɗaya, babban yatsa a sama, sauran huɗun a ƙasa, can baya kusa da ƙirji, nesa da bakin yaron. Ki matsa sosai amma ba har ki ji zafi ba, ki riƙe a haka. Zai koma haɗiya. Idan ya tsaya, ki saki hannu ki huta, idan ya ci gaba da tsotsa babu haɗiya ki sake matsawa, ki ɗan sauya wurin yatsun. Kada ki murza fata ko ki ja yatsu zuwa gaba, hakan yana zare nonon daga bakinsa. Idan matsawar ta daina kawo haɗiya, ki mayar da shi ɗaya ɓangaren. Yaro mai yawan barci za a iya sauya masa ɓangare sau uku ko huɗu a zama ɗaya.

Jariri sabon haihuwa yana buƙatar sha sau 8 zuwa 12 a awa 24, har da dare, lokacin da sinadarin da ke sa jiki ya samar da nono ya fi yawa. Kada a jira kuka. Juya kai yana neman nono, kai hannu baki, motsa leɓe, duk kiran abinci ne. Wanda bai dawo nauyin haihuwarsa ba, kada a bar shi ya wuce awa 3 bai sha ba. Don a tashe shi daga barci, a cire masa kayan da aka naɗe shi da su, a kwantar da shi fata da fata a ƙirjin uwa, a sauya masa kunzugu, a shafa tafin ƙafarsa.

Idan nono ya cika ya yi tauri har ya kasa kamawa, a tatse kaɗan da hannu wurin ya yi laushi. Abin da aka tatsa a ba shi da ƙaramin kofi ko cokali. A ɗaki yana iya kai awa 4, amma a lokacin zafi gara a ba shi da wuri.

Akwai abubuwan da ke cinye wurin nono a cikin yaro. Na farko ruwa. Ko a tsakiyar bazara jaririn da bai kai wata 6 ba ba ya buƙatarsa, domin kusan kashi 87 cikin 100 na nono ruwa ne. Duk cokalin ruwa ko jiƙo da ya sha, nono ne ya rasa. Zuma kuwa haɗari ce ga yaron da bai shekara ba. Dakashi, wato nonon farko mai kauri, ba ƙazanta ba ne, kada a zubar. Fida da robar tsotso suna rage zuwansa ƙirji. Ƙwayoyin tazarar haihuwa masu sinadarin istirojin suna iya rage nono, ki gaya wa ma'aikaciyar asibiti kina shayarwa ta zaɓa miki wanda ya dace. Mai jego ta ci ta ƙoshi, ta sha ruwa idan ta ji ƙishi, amma a yi hattara da kunun kanwa, likitoci a Arewa sun daɗe suna danganta yawan shansa da ciwon zuciya bayan haihuwa.

Hujjar cewa yana samu tana cikin kunzugu da ma'auni. Daga kwana na 5 ya kamata ya jiƙa kunzugu aƙalla 6 a yini da dare, fitsarin ba duhu, kashinsa ya koma ruwan ɗorawa. Ramewa kaɗan a kwanakin farko ba matsala ba ce, amma ya dawo nauyin haihuwa kafin kwana 14, sannan ya riƙa ƙara aƙalla giram 500 a wata. Yawan neman nono da yamma, ko na 'yan kwanaki wajen mako 3 da mako 6, ba alamar ƙarancin nono ba ne.

A kai shi asibiti a ranar idan ya ƙi kama nono sam, ko yana da wuyar tashi daga barci, ko maɗigarsa ta faɗa, ko idonsa da fatarsa sun yi ɗorawa alamar shawara, ko jikinsa ya yi zafi. Idan kuma an gyara kamu amma zafin kan nono bai daina ba, nauyi kuma ba ya ƙaruwa, a sa ma'aikacin lafiya ya duba ƙarƙashin harshensa, domin zaren da ke wurin idan ya yi gajere yana hana harshe miƙowa. Kada a kai wa wanzami ya yanka a gida.