Yadda Za Ka Koyi Italiyanci a Perujiya da Ƙafarka da Idonka

Idan Allah ya sa ka samu bizar karatu zuwa Italiya, fara da takardu kafin yawo. Kwana 8 na aiki doka ta ba ka bayan saukarka ka nemi izinin zama, wato permesso di soggiorno. Gidan waya za ka je ka karɓi fam, ka cike, ka mayar, su ba ka rasit da ranar zuwa ofishin 'yan sanda don ɗaukar hoton yatsu. Ka riƙe rasit ɗin nan kamar fasfo. Sai lambar haraji, codice fiscale, wadda sai da ita za ka kama ɗaki ko ka sayi layin waya.

Ni a Jami'ar Baƙi ta Perujiya na yi karatu, can kusa da tsohuwar ƙofar gari da aka gina tun kafin haihuwar Annabi Isa. Da zuwanka za a gwada ka a ga matakinka, daga A1 na 'yan koyo zuwa C2 na ƙwararru. Kada ka yi ƙaryar iyawa don a kai ka ajin gaba, kai za ka sha wuya.

Watana na farko asararsa na yi. Da an tashi aji sai mu taru mu baƙi muna zuba Turanci, ga nahawu fal a littafi, baki kuwa a ɗaure. Abin da ya kwance min harshe shi ne maɓuɓɓugar ruwan da ke tsakiyar gari, Fontana Maggiore, wadda Nicola Pisano da ɗansa Giovanni suka sassaƙa, aka gama a 1278. A jikinta an fito da watanni goma sha biyu, kowanne da aikinsa: a Janairu ana jin ɗumin wuta, a Yuni ana girbin alkama, a Yuli ana sussuka, a Satumba ana matsar inabi. Duk wanda ya tashi a gidan manoma zai gane su ba tare da tafinta ba. To, ka tafi da ɗan littafinka, kullum wata guda, ka rubuta jimla uku a kan abin da mutumin yake yi, gobe ka kai wa malama ta gyara. Da haka sunayen watanni da aikatau suka zauna min daram.

Taku kaɗan daga nan akwai gidan adana zane-zane, Galleria Nazionale dell'Umbria. Lahadin farko na kowane wata kyauta ake shiga gidajen tarihi na gwamnati, sai dai ka yi sammako saboda layi. Kada ka ce sai ka ga komai. Ɗaki biyu sun isa. Karanta ɗan allon da ke gefen kowane zane da Italiyanci, ka kauda kai daga fassarar. A nan za ka tsinci tavola, katakon da aka yi zanen a kai, da affresco, zanen da ake yi a bango tun yaɓen yana ɗanye. Irin wannan na biyun, je ka gan shi a Collegio del Cambio, inda mai zane Perugino ya ƙawata zauren 'yan canji wajen 1500, har ya zana kansa da jar hula. Nan kam sai ka biya, amma ya ci kuɗinsa.

Galibin zanen labaran addinin Kirista ne, gara ka san haka tun daga gida. Idan ka hau jirgin ƙasa zuwa Asisi, tafiyar da ba ta kai awa ba, ka sa suturar mutunci. Ba a ɗaukar hoto a cikin majami'ar San Francesco da ke can, ba a ɗaga murya.

Masu gadin ɗakunan zanen nan malamai ne na kyauta, yini suke yi a tsaye ba abokin hira. Gaishe su da Lei, kalmar girmamawa, ba tu ba, ka yi tambaya ɗaya ko da a karye.

In yunwa ta koro ka, kalmomi biyu ka haddace: maiale alade ne, strutto kuma kitsensa, har cikin wasu burodi yakan ɓuya. Tambayi mai shagon kafin ya naɗe maka.