Yadda Ake Zana Rashin Daidaito a Kan Layin Lambobi

Amsar x = 3 ɗigo ɗaya ce a kan layi. Amma x > 3 ya haɗa da 3.5 da 4 da 100, har abin da ba iyaka, shi ya sa ake nuna shi da da'ira da kibiya.

Ja layi da rula, ka sa sifiri, ka jera lambobi da tazara iri ɗaya, misali santimita ɗaya-ɗaya. Lambobin ƙasa da sifiri suna hagu. Sai ka karanta alamar da baki: x > 3 na nufin x ya fi 3, x < 3 bai kai 3 ba, x ≥ 3 ya kai 3 ko ya fi, x ≤ 3 kuwa bai wuce 3 ba. A alamomi biyun farko 3 ba ta cikin amsa, sai ka yi da'ira a kanta ka bar cikinta fayau. A biyun ƙarshe tana ciki, sai ka cike da'irar da fensir. Kibiya ta nufi dama idan x ya fi lambar, hagu idan bai kai ba.

Wasu ɗalibai kan bi tsinin alamar wajen ja kibiya. Dabarar tana aiki ne kawai idan x na gefen hagu. A 3 < x tsinin na kallon hagu, alhali x ne babba, kibiyar dama za ta yi. Gara ka fara juya shi ya koma x > 3.

Inda aka fi faɗuwa shi ne ninkawa ko rabawa da lambar ƙasa da sifiri. Ɗauki 7 − 2x ≥ 1. Ɗebe 7 daga kowane ɓangare, ka samu −2x ≥ −6. Raba da −2, dole alamar ta juya: x ≤ 3. Dalili kuwa, 2 bai kai 5 ba, amma −2 ya fi −5, domin yana damansa a kan layi. Tarawa da ɗebewa ba sa juya alama. A nan za ka cike da'ira a kan 3, kibiya ta yi hagu.

Kafin ka tashi, gwada lamba ɗaya daga inda kibiyar ta bi. Sa x = 0, ka samu 7 ≥ 1, daidai ne. Da ka manta juya alamar, da ka ja kibiya dama, inda 5 ke ba da −3, wanda bai kai 1 ba.

Idan iyaka biyu ce, kamar −1 < x ≤ 4, babu kibiya. Yi da'ira fayau a kan −1, cikakkiya a kan 4, ka haɗa su da layi mai kauri.