Yadda zaka bi diddigin manufar gwamnati

Idan kaji gwamnati ta sanar da sabon tsari, to kar ka tsaya a jawabin minista, nemi takardar kanta. Yawanci ma'aikata ce ke tsara daftari, majalisar ministoci ta amince, in abin na buƙatar doka sai a kai ƙuduri majalisar dokoki. A can ne kake da baki, domin bayan karatu na biyu, wato muhawarar 'yan majalisa a kan manufar ƙudurin, ana miƙa shi ga kwamiti, shi kuma kwamiti kan kira zaman jin ra'ayin jama'a, to ka rubuta ƙorafinka a gajarce ko ku haɗu a ƙungiya ku miƙa, wallahi murya goma ta fi ɗaya shiga kunne.

Amma inda nafi so ka sa ido shine kasafin kuɗi. Duba ko an ware wa tsarin kuɗi, sannan ka bincika ko an saki kuɗin, don warewa daban saki daban, anan ne tsare-tsare masu kyau suke mutuwa ana ji ana gani, ma'aikata na zaune ba kayan aiki.

Bayan shekara ka nemi rahoton babban odita, wato babban mai binciken yadda aka kashe kuɗin gwamnati, ka gwada da alƙawarin da aka yi tun farko.